Yaran da Suka Fitar da Mu Daga Ruwan Alau

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in faɗi albarkacin bakina a kan matasanmu. Duk majalisar dattawan da mutum ya zauna a ƙasar nan, ta ƙofar masallaci ce bayan la'asar ko ta zaman makoki, da wuya a tashi wani bai ce yaran yanzu sun lalace ba. Ba kunya, ba tarbiyya, ba abin da suka iya sai latsa waya da zaman kashe wando. Ana faɗa ana gyaɗa kai, an mai da ita maganar da ba ta buƙatar hujja. Ni tsohon malamin makaranta ne, a nan Maiduguri na koyar har na yi ritaya, a Gwange nake zaune da iyalina, kuma ina da shaidar da ta saɓa wa wannan magana. Addininmu ya hana ɓoye shaida, shi ya sa na ɗauki biro.

Masu karatu ba su manta da abin da ya same mu a daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga Satumba, 2024 ba. Madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda tun shekarun 1980 don ba garin nan ruwan sha da taimaka wa noman rani, ta ɓalle bayan damina ta yi nauyi. Kafin gari ya waye ruwa ya shanye Fori da Galtimari da Gwange da Bulabulin da Gamboru. Ya shiga kasuwar Monday Market, ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori masu tsada. Dabbobin gidan zoo na Sanda Kyarimi yawancinsu sun mutu, aka kuma gargaɗi jama'a cewa kadoji da macizai sun fita sun bi ruwa. Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka tsere. Gwamna Babagana Zulum ya ce abin ya shafi mutum kusan miliyan ɗaya, waɗanda suka rasa matsuguni kuwa sun haura 400,000. Mu da muka ga ambaliyar 1994, wadda ita ma daga Alau ta taso, mun san ta baya ba ta kama ƙafar wannan ba.

A layinmu, ba jiniya ba ce ta tashe mu, ba kuma sanarwar kowa ba. Bugun ƙofa ne, da muryoyi suna cewa, "Ruwa! Ku fito, ruwa ya zo!" Samarin bakin layi ne, waɗanda kullum suke zaune a bencin mai cajin waya, waɗanda ake nuna su da baki a ce ga marasa aikin yi can. Wasunsu direbobin Keke Napep ne, ɗaya yana koyon walda, biyu sun gama sakandare sun rasa kuɗin ci gaba. Da yake ba su yi barci da wuri ba, kuma saƙonni suna ta shigowa wayoyinsu daga abokansu na Fori, su suka fara sanin abin da ke tafe. Suna iya ɗaukar kekunansu su tsere tun hanya na biyuwa. Sai suka raba kansu, kowa ya ɗauki ɓangare, suka bi gida gida. Wayar nan da muke zaginsu a kanta, ita ce ta ba mu 'yan mintunan da muka kwashe yara a ciki.

Na fito ruwa yana gwiwa. Kafin mu kai bakin titi ya kai ƙirji, ga duhu, ga ƙarfin ruwa yana fizgar ƙafa, ga kwata a buɗe da ba a ganinta. Yaran nan suka samo igiya, suka ɗaura ta daga turken wutar lantarki zuwa wani, suka tsaya a tsakiyar ruwan suna miƙa mata da yara hannu zuwa hannu. Ina rungume da jakar takarduna, ta shaidar karatu da ta fansho da ta gida, hannu ɗaya kawai nake riƙe igiya da shi. Wani daga cikinsu, yaron da na taɓa koyarwa a aji huɗu, ya matso ya ce, "Malam, kawo jakar, ka kama da hannu biyu." Ya ɗora ta a ka, ya riƙe ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana bayana har muka haye. Ko ɗigo bai taɓa takardun ba. Sai daga baya na ji cewa a daidai wannan lokaci bai san inda mahaifiyarsa take ba, domin ta kwana a gidan 'yar'uwarta a wata unguwar da ruwa ya riga ya ci. Allah ya sa an same ta da rai.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta daɗe kwance da shanyewar ɓarin jiki. 'Ya'yanta maza ba sa gari, daga ita sai surukarta da jikoki ƙanana. Goyo ba zai yiwu ba saboda jikinta, ga ruwa ya fara hawa gado. Samarin suka ɓalle ƙyauren ɗakinta, suka kwaso jarkoki daga kurar mai moya, wato mai sayar da ruwa, suka toshe bakinsu da kyau, suka ɗaure su a ƙarƙashin ƙyauren da igiyar shanya da zannuwan da aka yayyaga. Suka shimfiɗa mata bargo suka kwantar da ita. Mutum shida suka kewaye ta suna turawa, ɗaya yana gaba da doguwar sanda yana laluben kwata. Tana ta salati, ɗayansu yana ce mata, "Kaka, rufe idonki, mun kusa." Ba wanda ya koya musu wannan dabara. Ba su da rigar kariya daga nutsewa, wasunsu ko iyo ba su iya ba. Da suka ajiye ta a tudu, ba su tsaya jiran godiya ba, suka ja ƙyauren suka koma ciki, domin akwai mai jego a gida na gaba.

Wuni guda da kwana suka yi a haka. Na ga ƙafafunsu daga baya, duk yankan kwano da kwalba, fatar ta yi fari ta tattare. Wasunsu sun kwanta zazzaɓi, wasu ƙuraje suka feso musu, saboda ruwan ya haɗe da na masai da na kwata, har maƙabartar Gwange bai bari ba.

Mu dai wata makaranta da aka mayar sansani muka samu muka raɓe. Wasu an kai su sansanin Bakassi, wanda gwamnati ta rufe a 2021 amma dole ta sa aka sake buɗe shi. A nan ne na ga aikin 'yan mata, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin ba a cika ba da labarinsu ba. Tun kafin motocin agaji su fara isowa sosai, wasu 'yan mata daga unguwannin da ruwa bai taɓa ba suka zo da manyan tukwanen biki da itace. Ɗalibai ne yawancinsu, na jami'a da na kwalejoji, sai masu ƙananan sana'o'i, masu sai da turaren wuta da masu ɗinki. Sun sa lambar asusu a Facebook da WhatsApp, kuɗi suna shigowa daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas, har da 'yan'uwa na ƙasashen waje, wannan dubu biyu, wancan dubu biyar. Da asuba su dama kunu saboda yara da masu shayarwa, da rana a dafa shinkafa da wake. Abincin bai taɓa isa ba, kullum sai an kankare tukunya layi bai ƙare ba. Na ga wata a cikinsu ta koma bayan aji tana kuka saboda abinci ya ƙare a kan wata mata mai yara uku. Ta share hawaye, ta ciro biredin da ta ajiye wa kanta a jaka ta kai musu.

Wata kuma, ba za ta wuce shekara ashirin ba, littafin rubutu na 'yan makaranta ta samo ta zauna a bakin ƙofa. Duk yaron da aka tsinta ba iyaye, ta rubuta sunansa in ya iya faɗa, da sunan babansa, da unguwarsu, da kalar rigar jikinsa. Duk uwar da ta zo tana neman ɗa, ita ma a rubuta. Da yamma ta ɗauki hoton shafukan ta tura wa takwarorinta da ke sauran sansanoni, su ma su turo nasu, a gwada. Ina zaune kusa da ita lokacin da aka kawo wani yaro ɗan shekara huɗu wanda Kanuri kawai yake ji, ita kuwa ba ta iya ba. Nan take ta kira wata ƙawarta ta sa wayar a kunnen yaron. Washegari mahaifinsa ya zo daga wani sansanin. Na yi shekaru ina cika rajistar aji, amma ban taɓa ganin rajistar da ta yi amfanin wannan ba.

Su ne kuma suka tuna da abin da mu maza ba za mu taɓa tunawa ba. Mata sun fito da zanen jikinsu kawai, ga kunya ta hana su magana. 'Yan matan nan suka sayo audugar mata da sabulu da 'yan kamfai, suka ƙulla a baƙar leda, suna bi aji aji suna miƙawa a ɓoye ba tare da kowa ya lura ba. Matata ce ta gaya mini, ta ce a duk abin da aka raba a sansanin ba wanda ya kai wannan daraja a wurin mata. Ɗaliban likitanci da na aikin jinya, waɗanda nasu asibitin koyarwar ruwa ya rufe, suka kafa tebur a ƙarƙashin bishiya suna wanke raunuka, suna auna hawan jini, suna koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da suga. Tun a lokacin suke ta gargaɗi a kan ruwan sha da wurin bahaya, kuma ba a yi wata guda ba gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara a farkon Oktoba. A cikin matasan nan akwai Kanuri da Shuwa da Babur da Marghi da Hausawa da Fulani, akwai Musulmi akwai Kirista. Ban ji an tambayi kowa addininsa kafin a zuba masa abinci ba.

Ba ina cewa su kaɗai suka yi aiki ba. Sojoji sun shiga da manyan motoci da jiragen ruwa sun ceto dubbai. Hukumomin agajin gaggawa na tarayya da na jiha da Red Cross da ƙungiyoyin ƙasashen waje sun yi nasu. Masu hali sun buɗe hannu. Marigayi Alhaji Aminu Dantata, Allah ya jiƙansa, da tsufansa ya zo Maiduguri da kansa ya ba da naira biliyan ɗaya da rabi. Allah ya saka wa kowa. Sai dai duk waɗannan sun iso ne bayan an yi sa'o'in da rai ke fita a cikinsu, kuma a waɗannan sa'o'i, a lunguna irin namu da mota ba ta shiga, yaran unguwa ne kawai a wurin. Ba kuma ina cewa duk matasan garin nan waliyyai ne ba. An sami masu kwalekwale da suka tsawwala kuɗi ga mutanen da ke kan rufin ɗaki. An sami waɗanda suka bi gidajen da aka bari suka kwashe abin da ruwa ya rage. Muna da masu shaye-shaye, muna da masu ƙwacen waya, ba wanda ya isa ya musa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki laifin waɗannan a shafa wa tsara guda, a kuma yi shiru a kan waɗancan da suka fi su yawa.

Ya Edita, a duba su wane ne waɗannan yara. Wanda yake da shekara 22 a ranar ambaliya, yana ɗan shekara bakwai rikicin Boko Haram ya ɓarke a garin nan a Yulin 2009. Ya tashi da ƙarar bam da dokar hana fita da ɗaga hannu a shingen bincike. A 2013 an katse layukan waya. A 2014 an rufe makarantun gwamnati, da yawa suka koma sansanin 'yan gudun hijira, yara suka daɗe a gida. A 2021 aka fasa turakun wuta, gari ya zauna cikin duhu wata da watanni. Da yawansu marayu ne, wasu a gabansu aka kashe iyayensu, wasu daga Bama ko Baga ko Gwoza suka shigo da ƙafa suna ƙanana. Ni da na tsaya a gaban allo a waɗannan shekaru na san irin karatun da muka ba su, rabi ne, wani lokaci ko rabin bai kai ba. Wanda ya tashi a haka, in zuciyarsa ta bushe ba za a yi mamaki ba. Amma ga shi ya shiga ruwa har wuya don tsohuwar da ba ta haɗa komai da shi ba. Duk lokacin da na ji zuciyata ta karaya da halin da ƙasar nan ke ciki, wannan nake tunawa, kuma shi ne dalilin da ya sa ban yanke ƙauna ba.

Yayyensu ma sun yi irin wannan a 2013, lokacin da samarin Maiduguri suka ɗauki gora da adda suka ce sun gaji, suka taimaka wa sojoji aka fitar da 'yan ta'adda daga cikin gari. 'Yan kato da gora sun rasa mutane da yawa, kuma an sami waɗanda suka wuce gona da iri a cikinsu, abin da bai kamata a ɓoye ba. Amma wanda duk ya zauna a garin nan kafin 2013 da bayanta ya san bambancin.

Yanzu ga inda muke saɓawa da abokaina dattawa. Da ruwa ya janye, yaran nan ba su koma benci sun yi shiru ba. Sun fara tambaya. Me ya sa madatsar da ta taɓa yi mana ɓarna a 1994 ta sake yi bayan shekara talatin? Wa ke da alhakin duba ta? Kuɗin gudummawar da aka tara, nawa ne, wa ya samu, wa bai samu ba? Suna rubutawa a Facebook, suna kiran gidajen rediyo, suna bin layi layi suna rubuta sunayen gidajen da aka tsallake a rabo. Sai na ji waɗanda jiya suke sa musu albarka yau suna cewa yaran nan ba su da kunya, suna tuhumar manya, ai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To, a daren ambaliyar nan yara ne suka hango ruwa muna barci. Tausayin da ya sa yaro ya ɗauki tsohuwa a kan ƙyaure, shi ne dai ya sa yake tambayar dalilin da ya sa ruwa ya shigo ɗakinta tun farko. Wanda ya ga gawar jariri a cikin taɓo da idonsa ba zai iya yin shiru ba, kuma bai kamata ya yi ba. Ba daidai ba ne mu karɓi hannunsu lokacin da muke nutsewa, mu kuma toshe musu baki lokacin da suka ce a gyara.

Mun ga inda toshe baki ke kaiwa. A watan Agustan 2024, wata guda kafin ambaliya, matasa sun fito zanga-zangar tsadar rayuwa a faɗin ƙasa, bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya sa abinci ya gagari talaka. An yi fashe-fashe da sace-sace a wasu garuruwa, kuma ba na goyon bayan wannan ko kaɗan. Wanda ya fasa shagon ɗan'uwansa talaka zalunci ya yi. Amma an kashe mutane, ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla 24. Sannan ranar 1 ga Nuwamba duniya ta ga yara ƙanana, yawancinsu daga Kano da Kaduna, a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, bayan kusan wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Sun rame, wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun. Na kalli hoton a wayar ɗana, na kasa cin abinci a ranar, domin sa'o'in jikokina ne. Su wa suka tayar da ƙura? Matasa ne suka yaɗa hotunan, lauyoyi da 'yan jarida da masu kare haƙƙi suka tsaya, aka yi ta magana ba dare ba rana, har Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su cikin 'yan kwanaki. Da kowa ya bi shawarar a yi shiru a bar wa manya, Allah kaɗai ya san tsawon zaman da yaran nan za su yi.

Mu da muke kukan rashin kunyar yaran yanzu, mu tuna da waɗanda muke alfahari da su. Hajiya Gambo Sawaba tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU a Zariya, an ɗaure ta ba sau ɗaya ba, kuma dattawan zamaninta ba yabonta suke yi ba. Malam Aminu Kano yana da shekara talatin aka kafa NEPU a 1950. A nan Borno, samari ne suka kafa Borno Youth Movement a 1954 don su ƙalubalanci yadda ake tafiyar da mulkin En'e. Yau sunayensu ne a kan makarantu da asibitoci da filin jirgi. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar rage shekarun takara, wadda matasa suka yi shekaru suna fafutukarta, ɗan shekara 25 ya sami damar neman majalisar jiha ko ta wakilai. Sai dai an buɗe ƙofa ta gaba an rufe ta baya da kuɗi: a 2022 jam'iyya mai mulki ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, na sauran kujerun ma ya fi ƙarfin ɗan talaka. Yarinyar nan mai littafin rajista ta fi kansiloli da yawa sanin unguwarta, amma ina za ta sami kuɗin fom?

Ruwa kuwa bai gama da mu ba. A ƙarshen Mayun 2025 ya afka wa Mokwa a jihar Neja, ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka rasa rayuka sama da 150. A hotunan da suka fito, samarin gari ne ke tona taɓo da shebur da hannu suna ciro gawawwaki, ba safar hannu, ba takalmi. Abin da muka gani a Gwange shi ne aka maimaita: yaran suna da zuciya, ba su da kayan aiki. Wannan ne ya fi damuna. Muna barin su su sayar da ransu a kan abin da horon mako biyu da 'yan kayayyaki za su sauƙaƙa. Ina kira ga hukumomin agajin gaggawa na jihohinmu su bi unguwannin da ke bakin kogi, su nemo waɗannan samari da 'yan mata, ai masu unguwa sun san su, a koya musu iyo da ceto da taimakon farko, a ajiye musu rigunan kariya da igiyoyi da fitilu da kwalekwale ko ɗaya ne a kowace mazaɓa. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da takwararta mai kula da koguna suna fitar da hasashen ambaliya duk shekara, amma ba kasafai yake isa lungunanmu ba. A ba yaran nan, cikin awa guda za su mai da shi Hausa da Kanuri da Fulatanci ya shiga kowace waya. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau a farkon 2025. Muna da matasa injiniyoyi da suka gama jami'a suna zaune, a bar su su riƙa zuwa suna ganin aikin suna gaya wa jama'a inda aka kai. Duk kwamitin rabon tallafi da za a kafa, a sa matashi da matashiya daga cikin waɗanda suka yi aikin da hannunsu, ba ɗan wani ba.

Ku kuma 'ya'yana, ina da magana biyu da ku, kuma don ina ƙaunarku zan faɗa. Ku daina sa kyamara a fuskar mabukaci. Na ga mace mai mutunci, wadda jiya take ciyar da almajirai a ƙofar gidanta, ta ja mayafi ta rufe fuska ta fasa karɓar abinci saboda an ɗaga waya. Na san masu ba da kuɗi suna son ganin shaida. Ku ɗauki tukunya, ku ɗauki buhu, ku ɗauki rasit, ku bar fuskar mutane. Kuma duk kwabon da aka turo muku ku rubuta, ku fito da lissafi a fili, abin da ya shigo da abin da ya fita, domin kuna tambayar gwamnati lissafi, dole naku ya fi nata tsabta. Mutum ɗaya ya ci amana, sai a daina yarda da ku duka. Sai 'yan siyasa: za su zo, sun ga kuna da jama'a. Mu a Borno mun san abin da aka yi da samarin bangar siyasa da ake kira ECOMOG, an ba su ƙwaya da 'yan kuɗi, aka ci zaɓe aka watsar da su, kuma mun san abin da ya biyo baya. Wanda ya zo da buhun shinkafa mai hotonsa, ku tambaye shi me ya yi a kan magudanar ruwan unguwarku.

A ƙarshe, ya Edita, ina da roƙo gare ka. Jaridu sun buga sunan duk attajirin da ya ba da gudummawa da adadin abin da ya bayar, kuma sun kyauta. Ka turo wakilinka Maiduguri ya shiga Gwange da Fori da Gamboru, ya tambayi matan unguwa su wa suka fitar da su daga ruwa. Za su kai shi har bencin mai cajin waya. Ya zauna da yaran nan, ya ji ta bakinsu, ya rubuta abin da suka yi da abin da suke nema, tun kafin damina ta sake kankama.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a Maiduguri da Mokwa, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Gwange, Maiduguri, Jihar Borno.